Abin da Nomau Ya Tarar

Ranar da akuyarmu ta ƙi tashi,
muka kira Nomau mahauci kafin ta zama mushe.
Ya buɗe tumbi, ya yi shiru,
ya shiga jawowa kamar mai jan guga:
leda baƙa, leda fara,
ledar omo mai hoton fure,
duk sun murɗe sun zama igiya guda.
Na gane ɗaya daga ciki.
Ƙullina ne a bakinta,
irin wanda nake yi in na sayo tattasai.

Ban ci naman ba.

Ranar Lahadi na hau kabu-kabu zuwa Jiratawa,
gidan Cima, ƙanwar ubana,
wadda ba ta taɓa sayen sabulu ba
tun da aka kai ta ɗaki.
Na je da littafi da biro, ni malamar lakwal.
Ta dube su ta yi tsaki:
"Mi za ki rubuta, ɗiyata?
Toka ba ta karatu."

Karan hatsi muka ƙona bayan danga.
Ta tara tokar a tsohuwar tukunya mai huda a gindi,
ta zuba ruwa, muka zauna.
Ɗis.
Ɗis.
Har aka kira la'asar.
Na ce nawa ne awon?
Ta ɗiga ruwan a harshena, ya cije ni.
Ta ce, "In ya ciza haka, ya yi."

Man aduwa, da ɗan kaɗanya,
da muciya wadda ta girme ni.
Na tuƙa har kafaɗata ta yi kuka,
ita tana ta ba ni labarin wata rigimar gona
da aka gama shekara talatin da suka wuce.
Na farko ya ƙone.
Na biyu ya ƙi kamawa, ya tsaya kamar kunu.
Na uku ya dunƙule a tafina,
baƙi, mummuna, da ɗumi
kamar ɗan tsako.

Ta haɗa mini kaya a kwandon kaba:
soso biyu daga jikin dangarta,
asuwaki na bedi, daure guda,
ƙwarya mai ɗinki a gefe,
faifan rufi, da garin lalle a ƙoƙo.
Na miƙa mata jikka biyu.
Ta karɓi ɗaya, ta ce ɗayar
in saya wa kafaɗata magani.

A gida Sahiya ta toshe hanci:
"Inna, wannan ba ya ƙamshi."
Na ce ƙamshin me kike nema?
Ta ce na talabijin.
Mahaifinta ya juya dunƙulen a hannu,
ya tambaya ko na wanke tukunya ne.
Yanzu shi ne ke ƙarar da shi,
ya fito daga makewayi yana cewa ruwa ne ya cinye.

Ba zan ce komai ya sauya ba.
Iccen ƙofarmu har yau ledoji yake fure,
iska na kwaso su daga tasha,
in damina ta zo su toshe lambatu,
su bi ruwa su gangara Gulbi.
Mai tumatir na dariya in na miƙa kwando:
"Malama, ledar ai kyauta ce."
Na ce na san kuɗinta.
Akuya guda, mai ciki.

Soso in ya tsufa, sai ya koma wanke tukunya,
in ya mutu, ya koma murhu,
tokarsa ta shiga tukunya mai huda.
Ƙwarya in ta fashe, akwai mai ɗinki ranar kasuwa.

Jiya na fito daga ɗaki,
na tarar da ƴar marigayiyar, wadda ta bari tana tsotso,
ta sa kai cikin kwandona
tana cin bakin kabar, hankali kwance.
Na ɗaga takalmi zan jefa,
sai na aje.

Na tsaya ina kallonta tana taunawa.